Garkar Tahiru

Fatake 'yan gabas in sun sauka garinmu sai ka ji suna ta ƙofar gida, ƙofar gida, kamar abin da ake magana a kai rami ne cikin darni. Mu nan Kurfai garka muke cewa, kuma garka ba rami ba ce. Rami ko kare yana yi. Garka dirka biyu ce da uba ke kafa wa ɗansa da hannunsa, gaban liman da dattawa, ran da ya ga yaron ya isa ya riƙe kansa. Daga ranar, nan ake yi masa sallama da sunansa, nan yake cin tuwo da baƙinsa, ta nan amarya ke shiga, ta nan ake fidda gawa. In anka tambaye ka girman gari ba kawuna kake faɗi ba, sai ka ce garka kaza ne. Garinmu, rabin yini daga Filinge in jakinka ba malalaci ba ne, garka arba'in da ɗaya ne a shekarar da nake ba ku labari. Ta arba'in da ɗayan ita ce ta Tahiru.

Ni ce Laraba, yayar Magagi, uban Tahiru. Mijina ya rasu cikin babbar yunwa, nawa ɗiyan ba wanda ya tsaya, sai na kwaso tukwanena na dawo gidan ƙanena. Matarsa Bazabarma ce, ta daɗe da rasuwa, ta bar masa maza biyu, Tahiru da Hamani. Kusan ni na raine su, don tun ina gidan miji rabin kwanansu wajena ne. Hamani ɗan surutu ne, bakinsa ya fi ƙafarsa sauri. Tahiru kuwa sai ka wuni da shi gona ba ka ji kalma goma ba. Shi na fi so. Ba na ɓoyewa, Allah ma ya sani.

Bayan yunwa da damina ɗaya Tahiru ya auri Delu, ɗiyar wani manomi na Tabla, da kaka ta zo Magagi ya buɗe masa garka ta gefen gabas. Gida ɗaya ne a da, darni ɗaya ya kewaye mu duka, sai anka yanka darnin, anka kafa dirkoki na itacen kirya, anka ja zana tsakanin ɗakin Tahiru da namu. Ni na dama furar ranar, ƙwarya shida. Magagi ba ya faɗin sunan Tahiru, ɗan fari ne, sai dai ya ce yaron nan, amma ranar na gan shi yana shafa dirka yana murmushi shi kaɗai kamar wanda ya sayi doki. Tahiru ya jawo gungume ya ajiye don zaman baƙi, ya jera duwatsu wurin salla, Delu ta kafa randa a inuwa. Kafin shekara ta kewayo, sawun mutane ya fidda hanya fes daga garkar har bakin rijiya.

To, sai Annasara sunka shiga yaƙi da 'yan'uwansu can ƙasarsu, wai mu za mu je mu raba su. Mi ya haɗa mu? Ban sani ba har yau. Hatsi ya fara nuna ke nan manzo ya zo daga bariki, ya tsaya gindin gawon tsakar gari, ya ce nan da kwana goma sha biyu Annasara zai zo da kansa, kowace garka za ta ba da namiji ɗaya lafiyayye, a kai shi soja. Ba a kasuwa na tsinci zancen ba, balle a ce tsohuwa ta ji rabi ta ƙara rabi. Da kunnena na ji, ina tsaye da tulu a kai.

Tun kafin in kai gida na gama lissafina. Garkar Magagi za ta ba da Hamani, don Magagi kurkunu ya cinye masa ƙafa, ba ya kai rijiya sai da sanda. Garkar Tahiru kuwa namijinta ɗaya ne, Tahiru. Duka biyu ke nan, a rana ɗaya, ga Delu da ciki wata bakwai, ga hatsi tsaye a gona.

Cikin kwana uku samarin gari sunka fara ɓacewa. Ka yi sallama da yaro da yamma, da safe a ce ya bi hanyar gabas, ƙasar Ingilishi. Na ce wa yaranmu su ma su bi. Tahiru ya ce ba ya barin mace da ciki da tsoho da ƙafa ɗaya, kuma an ce gidan da anka gudu rumbunsa ake ƙonewa. Hamani ya yi dariya ya ce shi ba mata ba ɗa, in mutum ɗaya ake so ga shi, ya ji ma ana ba soja takalmi. Haka yake, ko gawa ake wanka sai ya sami abin dariya.

Nan dabara ta zo mini, ina tsakar daka. Na aje taɓarya na sami Magagi a garkarsa, na tsaya daga ciki, na ce ya rufe ta yaron nan. Garka ɗaya, mutum ɗaya. Hamani ya tafi tunda ya yarda, Tahiru ya zauna.

Ya dube ni ya ce, “Yaya, kin san ran da ake rufe garka.”

Na sani mana, wa bai sani ba? Ba a rufe garka sai mai ita ya mutu bai bar namiji ba. Sannan dattawa su zo da ƙaya, a tuge dirkokin, a toshe wurin, mata su watse gidajen danginsu. Rufe wa mai rai garka daidai yake da yi masa salla yana tsaye. Na ce masa na ji, amma gara a yi masa sallar yana tsaye da a yi masa ita ba gawa, can inda ba mu san ko sunan garin ba. Ya ce mutane za su ce mi? Na ce mutanen suna ina, ba su ne ɗiyansu ke bin daji kamar zomaye ba? Kwana biyu ina kansa. In na kai masa tuwo da zancen nake kaiwa, in na ɗauke ƙwarya da shi nake ɗaukewa. Ni ce babba, kuma tun muna yara bai taɓa cin gardama da ni ba.

Tahiru bai yi musu ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan yanzu. Ya ce in Baba ya ce a rufe, a rufe, shi ya buɗe. Delu ce ta yi kuka, ta ce ba ta so, abin ba kyau, ta nan anka shigo da ita. Na ce mata ke yarinya, miji kike so ko itace biyu? Na ji daɗin maganar a lokacin, har na maimaita wa maƙwabciya.

Bayan la'asar anka yi. Liman ya zo ba da son ransa ba, ya ce shi bai san addu'ar da ake yi wa irin wannan ba, ya karanta Fatiha kawai ya tafi ko ruwa bai sha ba. Magagi ya sa hannu ya girgiza dirkar farko, ya kasa, Tahiru da kansa ya tuge ta, ya tuge ta biyun, ya ɗauke su a kafaɗa ya kai bayan rumbu. Dattawa biyu da sunka zo sunka ce a kawo ƙaya. Na ce ƙaya? Don gardin Annasara ya zo ya ga an toshe jiya? Ku tafi, ku bar mini sauran.

Ai kuwa na yi aiki. Ban sa sabon kara ba, don sabo yana da haske, makaho ma ya gane shi. Na je bayan turken awaki na kwance tsohon darni wanda rana da ruwa sunka dafa, na kawo na ɗinke wurin da tsohuwar igiya, har gara na bari a jiki. Ramukan dirka na cika su da ƙasa, na zuba ruwa, na daddaka da taɓarya, na ƙara ƙasa, na sake dakawa. Gungumen zama na sa Hamani ya faskara. Duwatsun salla na watsa su cikin gona ɗaya ɗaya. Zanar da ta raba mu da ɗakin Tahiru na naɗe. Sai hanya, ita ta fi ba ni wuya, don ƙasa ta taurare da sawu. Na bi ta da kalmen noma tun daga darni har kusa da rijiya, na farfasa, na share, na watsa toka da kashin awaki, na ɗaure awakinmu a wurin kwana biyar, har ƙarangiya na tsinto na zuba. Ran na shida na tsaya daga nesa na duba. Wallahi ni kaina sai da na ƙirga daga kusurwa kafin in ce nan ne. Na koma ciki ina jin kaina, na ce wa Magagi ko aljani ya zo ba ya ganewa.

Kwanakin nan Tahiru ta garkar ubansa yake fita, yana sunkuyar da kai kamar yaron da anka aika. Abokansa in sun zo sai su rasa inda za su tsaya, su yi sallama da sunan Magagi, sannan su tambaya ko yaron yana ciki. Mutum mai gemu, mai mata. Na ga yana jin abin, na ce a raina kwana nawa ne, Annasara ya wuce mu sake kafawa.

Ranar ta zo. Da hantsi sunka iso, Annasara ɗaya bisa doki, jajir da shi, da tafinta, da gardawa shida. Cikin gardawan akwai Na'Allah, ɗan garin da ke gaba da namu, wanda ya sha furata ran da anka buɗe garkar Tahiru. Anka tara mazan gari gindin gawo, mu mata muna daga baya. Annasara ya dubi taron, tsofaffi da guragu da 'yan ƙalilan masu ƙarfi, ya tambayi mai gari ina samarin. Mai gari ya ce sun tafi cin rani. Hatsi na gona, wai cin rani. Annasara bai yi faɗa ba. Ya cire hularsa ya share gumi, ya yi magana da tafinta a hankali, tafinta ya juyo ya ce: tunda garin nan ya ɓoye ɗiyansa, maganar farko ta tashi. Yanzu kowace garka za a bar mata namiji ɗaya, mai ita. Duk wani lafiyayye da ke bayansa zai tafi.

Ban gane ba nan take. Sai da na ga Magagi ya juyo yana nemana da ido cikin mata, sannan na gane. Da garka biyu ne, Tahiru mai garka ne, ba mai taɓa shi.

Anka fara bin gida gida. Kafin a kai kanmu, mutum biyu sun ruga sun yanka darninsu da wuƙa sun ce ga garkar ɗansu. Tafinta ya duba, ba dirka, ba hanya, kara sabon yanka, anka yi musu bulala goma goma. Da anka zo namu Magagi ya ce garka biyu ce, an rufe ɗaya kwana bakwai da sunka wuce. Tafinta ya yi tsaki ya ce yau kowa garka biyu gare shi. Magagi ya ce to a bar yaron nan a matsayin mai gida, a ɗauke shi shi. Annasara ya dubi ƙafar, ya kau da kai. Liman ya matso ya ce shi shaida ne. Tafinta ya ce malam, an ji, amma wannan mutumin ba ya jin rantsuwa, idonsa yake bi.

Sai Na'Allah ya yi abin da ban zata ba, Allah ya saka masa. Ya fito ya ƙame, ya ce shi da kansa ya san garkar, ya zauna a gungumenta, ta gefen gabas take. Ya ce garkar da ta shekara ba ta ɓoyuwa, ko an toshe za a ga ramin dirka, za a ga hanya. Tafinta ya faɗa wa Annasara, Annasara ya ɗaga kafaɗa ya ce a nuna masa. In ya ga rami ɗaya ya yarda.

Munka kewaya gabas, gari duka na biye. Na'Allah yana gaba da ƙarfin gwiwa, ya kai tsakiyar darni ya tsaya. Ya matsa gaba, ya dawo baya. Ya dubi ƙasa, kashin awaki da ƙarangiya. Ya shafa kara, duk launi ɗaya, duk da gararsa. Ya soka gindin bindiga nan, ya soka can, ƙasa tauri ɗaya. Ya juyo ya dube ni, murya ƙasa ƙasa ya ce, “Inna, wa ya yi wannan aikin?”

Na faɗi bisa gwiwa na fara tono da hannu. Na san nan ne, na ƙirga daga kusurwa, taki goma sha ɗaya. Na tona, ba rami. Na matsa kamu ɗaya na tona, ba rami. Ƙasar da na daka da ruwa ta zama ɗaya da 'yar'uwarta. Farcena ya tsage, ina tono ina cewa nan ne, wallahi nan ne, ku dakata. Hamani ya ruga ya kawo dirkokin daga bayan rumbu, tafinta ya ce itace kowa na da shi. Delu ta zo da cikinta ta durƙusa gefena tana tono ita ma. Annasara ya ba mu lokaci, ba zan yi masa ƙarya ba, ya tsaya har dokinsa ya gaji da tsayuwa. Sannan ya juya linzami.

Igiya ɗaya anka sa musu, wa da ƙane. Hamani bai yi dariya ba ranar. Da za su wuce Tahiru ya tsaya gabana, ina zaune cikin ƙasa, na ɗauka zai faɗi abin da na cancanta, na ma so ya faɗa. Sai ya ce, “Gwaggo, tashi, hannunki na jini. Ku yanke hatsin gonar fadama da fari, tsuntsu ya fi damunta.” Gardi ya ja igiya, sunka tafi.

Mu munka yanke hatsin, ni da Delu da cikinta, Magagi na ɗaure dammuna a zaune. Ban taɓa jin ya ce laifina ne ba. Ya dai daina gardama da ni gaba ɗaya, in na ce gabas ya ce to, in na ce yamma ya ce to, wannan ya fi zagi zafi. Na roƙe shi ya sake kafa dirkokin ko don ran da yaron zai dawo. Ya ce ba a kafa wa mutum garka ba ya nan, wa zai amsa sallamar farko? Delu ta haihu namiji bayan kaka, anka sa masa Idi. Na yi murna, na ce ko ba komi gidan da namiji.

Damina biyu sunka wuce ba labari. Kafin ta uku wani soja ɗan Sanam ya dawo da hannu ɗaya, Magagi ya hau jaki ya je har can. Mutumin ya ce ya san su, tare anka sa su jirgin ruwa. Hamani sanyi ya kashe shi tun ba a kai fagen yaƙi ba. Tahiru kuwa an raba su, bai sake ganinsa ba, ba ya cewa ya mutu, ba ya cewa yana da rai. Magagi ya dawo ya kwanta, bai ƙara zama garka ba. Kafin a yi shuka munka fidda gawarsa ta cikinta.

Bayan kwana arba'in uban Delu ya zo daga Tabla da jakuna biyu. Na san abin da ya kawo shi. In Idi ya bar gidan, ba sauran namiji, dattawa za su zo da ƙaya. Na ajiye girmana na bi Delu har ɗaki, ni da ban taɓa roƙon kowa ba, na ce ta tafi in tana so, yarinya ce, amma ta bar mini yaron, ko kuwa ta ƙara damina ɗaya, wa ya sani ko uban yana hanya. Tana naɗe tabarma ba ta ɗago ba. Shekara uku muna cin ƙwarya ɗaya ba ta taɓa tada zancen ba, ranar ma ba ta ɗaga murya ba.

“Gwaggo,” ta ce, “na ba ki babban. Wannan ba na ba ki.”

Ta goya shi ta fita. Na bi su har garka na tsaya, ƙananan sawunsa na nan cikin rairayi inda ya yi wasa da safe, ga na Delu, ga na jakuna sun nufi kudu.

Washegari da hantsi liman ya zo da dattawa uku, kowa da reshen ƙaya bisa kai, suna ta kame-kame, wai in ina so a jira mako ɗaya. Na ce a jira wa? Na fito da tukwanena waje, na ce su aje ƙayar su koma inuwa, ni zan yi. Sunka tuge dirkokin, ni na jera ƙayar da hannuna har ta toshe. Liman ya ce to, a cika ramukan ko? Na ce kada wanda ya taɓa su. Hanyar ma ban share ba.